Yadda Nake Canja Fitilar Hazon Motata da Hannuna

Ranar da na lura fitilar hazo ta gefen dama ta mutu, ba ma hazo ake yi ba. Da daddare na dawo, na tsaya daf da bango, sai na ga haske a ƙasa gefe guda kawai, motar ta zama kamar mai ido ɗaya. Na yi mako uku ina cewa gobe. Da na tashi yi kuwa, aikin ya cinye mini yini guda, alhali cire tsohon ƙwai da sa sabo bai kai minti biyu ba. Sauran lokacin duk ya tafi wajen lalubo inda hannuna zai shiga, da gyara ɓarnar da na yi da kaina. Yau rabin awa ta ishe ni in canja duka biyun, kuma abin da ya sa ke nan na zauna rubuta wannan, don kada ka biya kuɗin makarantar da na biya.

Fitilun da nake magana a kansu su ne ƙananan nan biyu da ke can ƙasa a jikin bamba ta gaba. Ba don ado aka sa su a ƙasa ba. Hazo ɗigon ruwa ne ƙanana da ke rataye a iska, in ka haska su da babbar fitila sai su maido maka hasken cikin ido, ka ga fari fat kamar an shimfiɗa zane a gabanka. Ita fitilar hazo haskenta mai faɗi ne, gajere, an datse samansa, yana bin ƙasa ya nuna maka gefen titi da layin da aka ja. Riƙe wannan a ranka, domin zai dawo mana idan mun zo saiti.

Kafin ka sayi komai, tabbatar ƙwan ne ya mutu. Na san wanda ya kwance rabin gaban motarsa, ashe bai san yadda ake kunna ta ba ne. A yawancin motoci fitilar hazo ba ta kamawa sai an fara kunna ƙananan fitilu ko gajeren haske, kuma a wasu da zarar ka ɗaga dogon haske sai ta ɗauke da kanta. Kunna yadda ya kamata, ka dubi dashbod. Alamar ta gaba koriya ce, hoton fitila da layuka suna fita ta hagu, wani layi mai lanƙwasa ya ratsa su. In ka ga mai launin ruwan lemo tana kallon dama, wannan ta baya ce, wata magana ce daban.

In ɗaya ce ta mutu ɗaya na ci, kusan kullum ƙwai ne. Amma in duka biyun suka ɗauke lokaci guda, kada ka zargi ƙwayayen tukuna, da wuya su haɗa baki su mutu rana ɗaya. Je ka akwatin fiyus, wanda ke ƙarƙashin bonet ko gefen ƙafar direba. A bayan murfinsa akwai zanen da ke nuna na kowane abu. Zaro na fitilar hazo ka ɗaga shi wajen haske: in siririn ƙarfen da ke ciki ya tsinke, ka kama ɓarawonka. Mayar da mai lamba iri ɗaya. Launi ma na taimakawa, ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20. Kada ka ce bari in sa babba don ya daɗe, kada kuma ka naɗa waya a wurin. Fiyus an yi shi ne ya ƙone a madadin wayoyin motar, in ka hana shi ƙonewa to wayar ce za ta ɗauki zafin. In kuwa ka sa sabo ya sake ƙonewa nan take, akwai inda waya ta goge tana taɓa jikin ƙarfe, a nan ni nake ajiye sifana in nemi mai gyaran wayar mota. Idan fiyus lafiya yake, saura rile, ɗan akwatin nan mai kusurwa huɗu da ke cikin akwatin fiyus ɗin. Dabarar da nake yi, in nemi wani mai lamba iri ɗaya, sau da yawa na hon, in musanya su na ɗan lokaci. In fitila ta kawo hon ya yi shiru, magana ta ƙare.

To, mu ɗauka ƙwai ne. Nan ne na yi kuskuren da ya fi ci mini rai, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

Ƙwayayen fitilar hazo suna da lamba, kuma lambar nan ita ce komai. Za ka ji H11, H8, H16, H3, H10, HB4 wanda wasu ke kira 9006, da 880 ko 881. Tana rubuce a gindin tsohon ƙwan, tana kuma cikin littafin motar. Matsalar ita ce H8 da H11 da wani nau'in H16, in ka jera su a tafin hannu, sai ka rantse uwa ɗaya ta haife su. Gindi mai lanƙwasa iri ɗaya, kunnuwa uku iri ɗaya, bambancin kunnuwan kaɗan ne ƙwarai. Amma H11 wat 55 yake ja, H8 wat 35, H16 kuwa wat 19 kacal. Tawa motar H8 take ɗauka. Ni kuma H11 na samu, na ga ya ƙi zama daidai, na ɗauki ƙaramar wuƙa na ɗan fere kunne ɗaya har ya shiga. Na ma ji daɗi, don ya fi tsohon haske. Bayan wata biyu na fara jin warin roba in na tsaya, na leƙa na tarar bakin gidan fitilar ya narke ya karkace, abin da ke mayar da haske a ciki ya yi baƙi. Garin neman gira na rasa ido, ƙwai ɗaya na je canjawa na ƙare da sayen gidan fitila sukutum. Lissafin kuwa mai sauƙi ne da na tsaya na yi shi: wat 35 a kan bolt 12, wato ƙarfin wutar batirin mota, bai kai amfiya 3 ba (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya ne), wat 55 kuwa ya haura amfiya 4 da rabi, kuma yawancin ƙarin nan zafi yake zama a cikin ɗan ƙaramin gidan roba da ba a yi shi don haka ba. Kama da wane ba ta wane. In ƙwai ya ƙi shiga cikin ruwan sanyi, ba nasa wurin ba ne.

Shawarata, ciro tsohon tukuna ka tafi da shi a aljihu, kuma ka sayi biyu. Tare aka sa su, tare suka tsufa, na biyun ba zai daɗe ba zai bi ɗan'uwansa. Ga shi kuma sabo ya fi tsoho haske, sai motar ta riƙa kallon mutane da ido ɗaya a lumshe.

Kayan aiki ba su da yawa: sukundireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, sifana ko soket mai lamba 10, tocila, safar hannu mai tsabta, kwali na kwanciya, da ɗan kwano na zuba notuna. Wasu motocin, musamman na Turai, suna amfani da noti mai kan tauraro, sai ka tanadi T20 ko T25. Kwanon nan kada ka raina shi. Noti in ya faɗi ƙasa, ƙafa yake fitarwa.

Ajiye motar a wuri mai daidai, ja burkin hannu, kashe inji, zare makulli. In ka jima da fitilar a kunne, ba ta kamar minti goma sha biyar ta huce, don ƙwan halojin, wato irin mai siririyar waya a cikin gilashi, yana ƙona fata nan take. Ni ina cire kan batir na baƙar waya, mai alamar ragi. Shi ake fara cirewa, domin in sifanarka ta goga jikin mota kana kwance shi, ba abin da zai faru, saɓanin jan. Illarsa kawai agogo da tashoshin rediyo na iya gogewa. Wasu ba sa cirewa in ƙwai kawai za su canja, kuma ba su yi laifi ba matuƙar makunni a kashe yake. Ni dai tunda hannuna zai yi lalube cikin duhu kusa da fankar inji, wadda a wasu motoci takan tashi ko da an kashe mota, na fi son in san babu wuta ko'ina.

Yanzu sai babban aikin, wato kai hannu. Hanyoyi uku ne, kuma motarka ce za ta zaɓar maka.

Ta farko ta bakin taya. Murɗa sitiyari har ƙarshe yadda tayar za ta kauce ta ba ka fili, gwada hagu da dama ka ga wanne ya fi buɗe maka gaban ramin. Akwai baƙar roba da ta lulluɓe cikin ramin tayar. Ba sai ka cire ta duka ba, kwance notuna biyu ko uku da maɓallan da ke gabanta, ka janye ta baya kamar labule, za ka hango bayan fitilar da wayarta. Wannan ce hanyata. Ta biyu ta ƙasa: ka kwanta a kan kwali, ka kwance gefen robar da ke rufe ƙasan bamba. Wasu motocin ma an yi musu 'yar ƙofa a wurin. Ta uku ta gaba: a ɓalle zoben robar da ya kewaye fitilar, a kwance notunan da ke bayansa, a zaro gidan gaba ɗaya. In ta gaba ce taka, naɗe bakin sukundireba da tsumma, in ba haka ba ka bar wa fenti tabo. Akwai kuma 'yan motocin da sai an sauke bamba ɗungurungum. In taka ce, Allah ya ba ka haƙuri, ka nemi mai kama maka.

Maɓallan robar nan su ne suka fi ba sabon hannu haushi. Kashi biyu ne: akwai ƙusa a tsakiya, akwai riga da ta kewaye ta. Sa bakin sukundireba ƙarƙashin kan ƙusar ka ɗaga ta kaɗan, rigar za ta saki, sai ka zaro duka. In ka fizgi rigar ƙusa na ciki, karyewa za ta yi. Ranar farko huɗu na karya a jere kafin ƙanena, da ke riƙe mini tocila, ya ce, "Yaya, anya ba tsakiyar ake fara ɗagawa ba?" Ban amsa masa ba, amma na biyar ta fito lafiya. Tsohuwar roba ko ka bi ta a hankali takan karye, don haka ka sayi 'yan ƙari ka ajiye.

Magana ɗaya da ba na wasa da ita: in sai ka ɗaga mota, kada ka sa kanka ko kafaɗarka ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Sa ƙafar ƙarfe mai ɗaukar nauyi, ka tokare tayoyin baya. Galibi ma wannan aikin ba ya bukatar ɗagawa.

Da hannunka ya kai, sauran wasa ne. Soket ɗin wayar yana da ɗan harshe, danna shi ka ja soket ɗin, ba wayar ba. In ya ƙi, tura shi ciki kaɗan tukuna sannan ka danna, yakan saki. Kama gindin ƙwan ka murɗa hagu, saɓanin tafiyar hannun agogo, kamar rubu'in zagaye, ka zaro shi a miƙe. Wani lokacin ya fi sauƙi ka fara murɗo ƙwan waje da wayarsa, ka cire soket ɗin inda idonka ke gani. H3 ne ya fita daban: yana bayan murfin roba, wata 'yar waya mai tsalle ta danne shi, kuma yana da jelar waya tasa da ake zarewa. Kafin ka taɓa shi ɗauki hotonsa da wayarka, don yadda ya zauna haka zai koma.

Tsaya ka dubi abu biyu kafin ka sa sabo. Dubi tsohon ƙwan: in siririyar wayar cikinsa ta tsinke ko gilashin ya yi baƙi, ka tabbatar da laifinsa. Sannan leƙa cikin soket. In ka ga kore-kore ko fari kamar gishiri, ruwa ya shiga, goge shi da busasshen burushi. In ya yi baƙi ko ya narke, sabon ƙwai ba zai yi magani ba, sai an canja soket ɗin. Fitilar nan a ƙasa take zaune, ita ke shan ruwan kwata da laka da tsakuwa, shi ya sa nata ciwon ya fi na manyan.

Sabon ƙwai kuma kada yatsanka ya taɓa gilashinsa. Maiƙon da ke fatar mutum in ya zauna a kai, wurin yakan fi sauran zafi, gilashin ya raunana, ƙwan ya mutu da wuri. Riƙe shi ta gindi. In tsautsayi ya sa ka taɓa, goge da sifirit da tsumma mai tsabta ka bar shi ya bushe. Daidaita kunnuwa ukun da ramukansu, ɗaya ya fi sauran faɗi, don haka hanya ɗaya ce kawai zai shiga. Tura har zoben robar da ke gindinsa ya zauna, murɗa dama har ya tsaya, mayar da soket har ka ji ƙas. Zoben nan shi ke hana ruwa shiga, in ya zauna a karkace, ruwan sama na farko za ka ga gilashi ya yi gumi.

Kada ka rufe komai tukuna. Mayar da kan batir ka kunna ka gani. Na taɓa mayar da roba da maɓallanta duka, na wanke hannu, na kunna, shiru, ashe soket bai shiga har ƙarshe ba.

In gidan ne ya fashe, ko ruwa ya kwanta a ciki kamar kwalba, gaba ɗaya za ka canja. Ɗan gumi da ke bushewa in fitila ta yi zafi ba komai ba ne, amma ruwan da ke motsi alamar tsagewa ce. Haka nan sababbin motoci masu LED, wato sabon nau'in fitila marar siririyar waya a ciki, tun daga kamfani, yawancinsu ba su da ƙwan da ake cirewa, gidan ake sauyawa. Notuna biyu zuwa huɗu ke riƙe shi. In tsatsa ta kama su, fesa man sassauta tsatsa ka ba shi lokaci, kada ka yi da ƙarfi kan notin ya murje. Lura da harafin L ko R a jikin sabon, kuma hagu da dama ana ƙirga su ne daga kujerar direba, ba daga inda kake tsaye kana kallon motar ba. Ɗora sabo kusa da tsoho ka gwada kunnuwa da soket kafin ka ɗaura.

Mutane da yawa daga nan suke tambayar LED. Na gwada, kuma ra'ayina a rabe yake. Ba ya jan wuta sosai, yana daɗewa in mai kyau ne. Amma gidan da aka ƙera don halojin an auna shi ne da inda siririyar wayar nan take zaune, in hasken LED bai fito daga daidai wannan wurin ba, sai ya watse sama, ya kashe wa mai zuwa ido, kai kuma ya dawo maka da farin bangon da kake gudu. Wasu ƙasashen ma dokarsu ba ta yarda a sa shi a gidan halojin ba, don haka ka bincika ta inda kake. In ka sa bai kama ba, kafin ka ce mataccen kaya aka ba ka, zare soket ka juya shi ka mayar, don da yawansu suna da gaba da baya. In yana ƙyafta ido ko dashbod na cewa ƙwai ya mutu, kwamfutar motar ce ta ga wutar da ake ja ta yi kaɗan, akwai ɗan abin da ake haɗawa a tsakani don wannan.

Launi kuwa, ni rawaya nake so. Faransa ta tilasta rawayar fitila a motocinta tun wajen 1937 har zuwa 1993, kuma har gobe ana gardamar ko da gaske rawaya ta fi ratsa hazo. Abin da zan iya shaida kawai, idona ya fi hutawa da ita cikin ruwan sama. A kwali za ka ga 3000K, wannan ce mai rawaya, 6000K kuwa fari ne mai ratsin shuɗi, kyakkyawa a hoto, mai gajiyar da ido a jiƙaƙƙen titi.

Saura saiti, wanda kusan kowa ke tsallakewa. In ƙwai kawai ka canja ya zauna daidai, da wuya saitin ya motsa, amma in gida ka sauya dole ne. Jira duhu ya yi, ka sami bango da fili mai daidai a gabansa. Auna tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa, ka ja layi da alli a bango a daidai wannan tsayin. Ja motar baya a miƙe kamar mita 7 da rabi. Kunna fitilar hazo, in manyan sun kama tare da ita ka rufe su da tawul na ɗan lokaci. Saman hasken ya kamata ya tsaya kamar santimita 10 ƙasa da layin allin. A baya ko ƙasan gidan akwai noti ɗaya na ɗagawa da saukewa, wani lokacin ta wata 'yar huda a jikin bamba ake kai masa sukundireba. Murɗa kaɗan-kaɗan kana kallon bango, ka daidaita biyun su zama layi ɗaya. In kana shakka, gara ya yi ƙasa da ya yi sama.

Tawa da na gama sa sabon gidan, ta dama tana haska kusan tagar maƙwabci. Zagaye uku da rabi na murɗa kafin ta sauko ta haɗu da 'yar'uwarta. Sannan na mayar da robar ramin taya, na danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya, riga tukuna sannan ƙusa, na murɗa sitiyari hagu da dama don in ji ko taya na gogar wani abu. Da na ɗaga kwanon, sai ga noti ɗaya ya rage a ciki. Ƙanena ya haska shi da tocila, ya haska fuskata, bai ce komai ba. Na ja kwalin na sake kwanciya.